Besti Ta Rasu, Sitikarta Na Nan da Rai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wata kunya da ba a saba sakawa a takardar mutuwa ba, iyalin Baba Matthew na Makera, tsohon ma'aikacin masaƙa, da maiɗakinsa Mama Asabe, tare da dangi na Trikania da na gona a Kakau, suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da 'yan ikilisiya rasuwar wayar hannun 'yarsu Vivian, wadda mai ita ke kira Besti, wato aminiya. Ta cika ranar Larabar makon jiya da hantsi, a kan teburin Oga Harrison mai gyaran waya a kasuwar Kakuri, bayan gajeriyar rashin lafiya da iyali da hannunsu suka ɗora mata. Shekararta biyu a gidanmu. A cikin shekarun nan ba ta taɓa yin nisan taku goma da tafin hannun Vivian ba, sai ranar da ajali ya kira.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a aljihun Kawu Albert, ƙanen Baba, a makon da Vivian ta ci jarrabawar aji uku. Ya ɗora ta a kan tebur, ya ce ta karatu ce. Duk muka gyaɗa kai. Babu wanda ya tambayi wane karatu, babu wanda ya zauna da yarinya 'yar shekara sha huɗu ya nuna mata ƙofofin da ke cikin abin da aka miƙa mata. An yi addu'a, an sha lemo, an watse. Da keke aka saya mata, da an riƙe mata sirdi kwana uku kafin a sake ta a kan titi.

Ba za mu ci amanar mamaciya ba, tana da halaye na gari. Ita ce ke haska wa Mama tukunya idan an ɗauke wuta. Ita ce ke karanta wa Baba sunan maganinsa na hawan jini, ta faɗa masa lokacin sha. Ita kaɗai ta riƙe mana dariyar Kaka a gonar Kakau, wata uku kafin Kaka ta huta. Da ita Vivian ta koyi muryarta a ƙungiyar mawaƙan matasa, don shugaban mawaƙa kan turo kowace murya daban, yarinyar ta yi ta bi tana wanke-wanke har maƙwabta su haddace. Mai haƙuri ce. Sau uku ta faɗi a kan siminti, ta tashi da tsaga a goshi kamar zanen ƙabila, ba ta taɓa kai ƙara ba. Ba ta ƙirƙirar magana. Abin da aka ba ta shi take kaiwa, abin da aka aiko ta da shi kuma ba ta rage masa zafi ko kaɗan. Wannan halin nata na gaskiya shi ne ya fi yi mana ɓarna.

Muryoyinta uku ne, duk gidan ya san su. Akwai kirrrr na safe, mai tashin mutane shirin makaranta. Akwai tilin, ɗan siriri, alamar saƙo ya shigo. Akwai kuma zzzt-zzzt, wanda take yi da cikinta idan an toshe mata baki a coci ko a gaban Baba. A shekarar farko, tilin ɗaya ya isa ya sa Vivian ta bar tuwo ta ruga tana dariya. A watannin ƙarshe ma tana rugawa, sai dai babu dariyar. Ta iya ƙirga su da kunne. Tilin ɗaya, ƙila gaisuwa ce. Tilin takwas a jere, to an sake fito da ita.

Dole mu bayyana wannan, don dattawan da za a karanta wa takardar nan su gane.

A watan Nuwamban bara, ranar Godiyar Kaka, wato bikin godiyar girbi a coci, an ba Vivian baiti guda ta rera ita kaɗai a gaban ikilisiya. Karonta na farko ke nan. Ta yi mako uku tana shiri, ta daina shan ruwan sanyi, ta ari ɗankwalin Mama. Kafin ta hau, ta miƙa marigayiyar ga ƙawarta Charity, ta ce ta ɗauke ta daga farko har ƙarshe. Kuma ta rera. Waɗanda suka halarta shaida ne, tsofaffi sun share hawaye, mai ganga ya manta da hannunsa. Da yamma ta ɗora hoton bidiyon a inda 'yan ajinsu za su gani, kamar yadda kowane yaro mai shekarunta zai yi. Idan wannan laifi ne, to shi ne laifinta duka.

A cikin waƙar akwai wurin da murya ke hawa can sama. A daidai nan Vivian ta rufe ido, ta ɗaga hannu, ta buɗe baki iya buɗewa, jijiyar wuya ta tashi, ɗankwalin ya zame ya rufe mata gira ɗaya. Ƙiftawar ido ne. Wani ɗan ajinsu, wanda har yau bai sami ƙarfin halin cewa shi ne ba, ya tsayar da hoton a wannan ƙiftawar, ya yanko fuskar, ya rubuta AMIN OO a ƙarƙashi, ya mai da ita sitika, wato ɗan hoton nan da ake turawa maimakon magana. Waƙar minti huɗu ta mutu a ranar. Abin da ya rayu shi ne bakin.

Marigayiyar ce ta fara kawo mata labarin, ranar Litinin da safe, tana ɗaure takalmi. Tilin. Tilin. Tilin. A guruf ɗin ajinsu wani ya ce Allah ya sa malamin lissafi ya makara, sai fuskarta ta fito sau goma sha ɗaya. Da ta shiga aji aka kira sunanta, ta ce tana nan, sai bayan aji ya ɗauka baki ɗaya, a hankali, kamar a majami'a: amin oo. Malamin ma ya murmusa. Daga ranar ba ta da suna a makaranta sai Amin-Oo. Idan ta ɗaga hannu za ta ba da amsa, wani ya ɗaga nasa ya wangale baki. Idan ta yi hamma, aji ya tashi. Ta koyi cin abinci da hannu a gaban baki.

Ga muryar Charity, kamar yadda Vivian ta maimaita mana daga cikin abubuwan da marigayiyar ta riƙe, don ta saurare ta har ta dushe:

"Vivi, Allah ba ni ba ce. Ni dai na ɗauka na miƙa miki, ko ba haka ba? Ki share su kawai, abeg. Sati ɗaya za su sami wani. Kuma gaskiya fa, ki yi haƙuri, abin da ɗan ban dariya."

Sati ɗaya ya zama wata takwas. Da a hannun yara abin ya tsaya, ƙila da ya tsufa ya mutu kamar sauran wasanninsu. Amma wani yaro ya tura wa uwarsa, uwar ta ga yarinya mai ibada ta ɗaga hannu ga Ubangiji, an rubuta amin, ta ce kai, wannan abu ya yi kyau. Ta tura a guruf ɗin Zumuntar Mata. Cikin mako biyu duk addu'ar safe da aka turo, duk sanarwar haihuwa, duk roƙon a tuna da marar lafiya, fuskar Vivian ce amsa. Manya suna turawa da zuciya ɗaya. Yara suna ɗaukar hoton abin da manyan suka tura, su dawo da shi guruf ɗin aji, dariya ta zama sabuwa.

Wadda ta fi kowa turawa ita ce Mama Asabe. Ga muryarta, kamar yadda marigayiyar ta kawo wa Vivian daga guruf ɗin iyali:

"Jama'a ku ga ikon Allah! 'Yata ce fa wannan, Vivian ɗita! Ni da ban iya buga rubutu ba, yanzu na huta, ko me aka ce sai in danna 'yata. Yarinya ta zama mai wa'azi ba ta sani ba."

Kawu Albert ya biyo baya daga Kakau, ana jin kukan akuya a bayansa:

"Vivian 'yar Matthew! Jiya wani abokina ya turo mini ke daga Lafia, bai ma san jinina ba ce. Na ce masa kai, yi hankali, uwata ce kake wasa da ita a waya. Kin yi suna, 'yata. Ba a banza na kawo wayar nan ba."

To wa za ta kai wa ƙara, kuma ƙarar me? Ta gwada sau biyu. Ta sami Baba yana gyaran rediyo a ƙofar gida, ta ce ba ta son hoton nan. Bai ɗago ba. Ya ce wanda mutane ke cewa amin da fuskarsa ai albarka yake tarawa, wasu zagi ake yi da tasu. Ta je wurin malamin aji, ya ce makaranta ta hana zuwa da waya, saboda haka abin da ya faru a waya bai faru a makaranta ba. Ta koma ta zauna. Yaya za ka tsaya a gaban ikilisiya ka ce amin ɗinsu na kashe ka?

Akwai masu cewa, me ya hana ta ajiye wayar? Wannan tambaya ce ta wanda bai taɓa zama ɗan shekara sha shida da waya a hannu ba. Ta ajiye. Wata Lahadi ta kashe marigayiyar tun safe, ta tura ta ƙarƙashin katifa, ta wuni tana jin kanta kamar mutum. Litinin ta shiga aji ta tarar kowa na kallonta yana danne dariya, a kan abin da ita kaɗai ba ta gani ba. Sai da aka tashi ta gane an yi wa sitikar ƙani: an ɗora fuskarta a kan bakin kwalbatin da ke ƙofar makaranta. Ranar ta koyi darasin da ya ɗaure ta: gara ka ga dutsen yana zuwa. Ta gwada fita daga guruf ɗin, wayoyi arba'in suka sanar cewa Vivian ta fita, aka mai da ita kafin ta ajiye hannu, aka tarbe ta da fuskarta. Ɗaki ne mai taga babu ƙofa. Abin da ya rage mata shi ne ta tsaya a bakin tagar tana gadin fuskarta, ta san yau ina ta kai, wa ya tura, wa ya yi dariya, wa ya yi shiru. Aiki ne da ba a tashi daga gare shi. Marigayiyar ce tagar.

Ta bar ƙungiyar mawaƙa a watan Janairu, ta ce maƙogwaro ne. Ta koma kujerar baya a coci. Sakamakonta ya zame. Ta rame har siket ɗin makaranta ya nemi allura. Duk mun gani. Kowa a gidan ya gani, kowa kuma ya yi bayani ba tare da ya tambaye ta ba. Baba ya ce girma ne. Wata maƙwabciya ta ce saurayi ne. Mama ta dubi yarinyar, ta dubi abin da ke manne a hannunta, ta yanke hukunci cewa mugun ruhu ne ya shiga wayar yana shan jinin 'yarta.

Daga nan ciwon ajali ya fara. Mama ta yi azumin kwana uku. Ranar Litinin da safe, Vivian na wanka, ta ɗauko marigayiyar daga kan tagar banɗaki, ta ɗauko kwalbar man zaitun da take shafa wa marasa lafiya. Ta shafa mata a ido, don ta daina ganin abin da bai kamata ba. Ta ɗiga mata a kunne. Da ta zo ramin caji, ta ce ai ta baki ruhu ke shiga, ta bakin kuma zai fita, sai ta karkata kwalbar da kyau. Mace ce da ba ta rowa a aikin Ubangiji.

Kafin azahar muryar marigayiyar ta shaƙe, tilin ya koma tulum, kamar dutse a rijiya. Fuskarta ta yi rawaya-rawaya kamar mai shawara. Ta ƙi karɓar abinci, ko an sa mata caja sai ta tofar. Baba, wanda ya yi shekara ashirin yana lallashin injunan saƙa, ya ce shi ya san maganin maiƙo. Ya kaɗa garin sabulu a ruwan ɗumi, ya wanke ta ciki da waje da tsohon buroshin haƙori, sannan ya binne ta a cikin kwanon shinkafa ta kwana biyu. Garin neman gira aka rasa ido. Ranar Laraba aka garzaya da ita Kakuri. Oga Harrison ya buɗe cikinta, ya sunsuna, ya dubi Mama.

"Mama, mai na gani, shinkafa na gani. Tumatir ɗin yana gida ne?"

Ya jona marigayiyar da wuta. Ta yi zzzt sau ɗaya, gajere, ta yi ɗan haske kamar za ta ce wani abu, ta yi shiru. Ya cire tabarau. Mama ta ɗaga hannu a tsakiyar kasuwa ta ce an yi nasara.

Ba a yi ba. An bar jaki an daki taiki. Tun ranar Vivian ba ta taka ƙofar makaranta ba, kwana tara ke nan ba ta fito daga ɗaki ba sai don banɗaki. Mun ɗauka mun kashe mai dukanta, ashe taga muka toshe muka bar ta a duhu da masu jifa. Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna takwas, kowane ɗaki da wayoyinsa. Duk tilin da ya tashi a tsakar gida, tana jinsa ta bango, kuma yanzu ba ta da hanyar sanin ko ita ce. Saboda haka duka ita ce. Ranar Litinin mai zuwa, ƙarfe takwas, za a fara jarrabawar wucewa aji shida. Idan ba ta zauna ba za ta maimaita shekara, tare da 'yan ajin baya, waɗanda su ma suna da fuskarta a aljihu.

Marigayiyar ta bar mai ita, Vivian, wadda ita ce babbar mai makoki. Ta bar caja guda, mai ɗaure da salatif a wuya, tana lilo a jikin bango ba ta san an yi mutuwa ba. Ta bar abin kunne mai ji da gefe ɗaya. Ta bar rigarta ta roba mai hoton malam buɗe littafi, har yanzu tana ƙamshin zaitun. Ta bar layinta, wanda aka ciro da rai aka naɗe a takarda. Dariyar Kaka ta tafi da ita, waƙar minti huɗun ma ta tafi da ita, don babu wanda ya ga dalilin ajiye waƙar. Sannan ta bar 'ya guda, sitikar, tana nan cikin ƙoshin lafiya, da jikoki da tattaɓa-kunne a Makera, Trikania, Kakau, Lafia da wuraren da iyali ba su taɓa zuwa ba. Ba marainiya ba ce. Duk wanda ke karanta wannan takarda a waya, akwai yiwuwar shi ne mariƙinta.

A nan iyali na neman izinin ajiye ladabin makoki na ɗan lokaci. Mun gaji da jin cewa yaran yanzu sun lalace. Wa ya saya? Wa ya miƙa? Muna ba yaro abin da zai iya kai fuskarsa gari goma kafin a sauke tukunya, sannan mu ce ya yi hankali, shi ke nan mun sauke nauyi. Mun san farashin data, ba mu san sunan guruf ɗaya da 'ya'yanmu ke kwana a ciki ba. Ikilisiya tana da kwamitin kujeru, kwamitin anko, kwamitin tarbar baƙi, amma babu mutum ɗaya da yarinya za ta iya samu ta ce ana dariya da ni, ya fahimci abin da take nufi ba tare da ya buɗe mata aya ba. Makaranta ta rubuta doka a allo ta wanke hannu. Mu kuma a gida mun iya azumin kwana uku, mun kasa tambaya ta minti uku. Addu'a ba ta yi laifi ba. Mu ne muka mai da ita wurin ɓuya, don ya fi sauƙi ka kori ruhu daga cikin waya da ka zauna a bakin gado ka ji cewa da kai ake dukan.

An yi tambayar a ƙarshe, jiya Alhamis da rana. Mama ta kai abinci, aka ƙi buɗewa, sai ta ajiye kwanon ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofar.

"Uwata, na kashe miki waya, na sani. Amma ki gaya mini, me ke cikinta da ya fi ni?"

Sannan, ta ramin makulli, Vivian ta faɗa mata duka: ajin, kwalbatin, hamma, sunan. Mama ba ta katse ta ba, abin da ba a taɓa gani ba. Da ta gama, Mama ta ce, da wata murya da ba tata ba:

"Wato duk safiyar da na danna ki, da su nake?"

"Ba ki sani ba, Mama."

"Sau nawa?"

"Na daina ƙirga naki."

Aka ji sakata ta motsa. Ƙofar ta buɗe kamar faɗin tafin hannu, ido ɗaya ya bayyana. Mama ta zaro wayarta daga ƙugu, ta ce yanzun nan, a gabanki, zan fitar da abin nan daga rayuwata. Ta buɗe hirar da ke sama, wadda ita ce ta Zumuntar Mata. Ta buɗe ma'ajiyar sitika. Ga fuskar 'yarta a sahun farko. Ta kai yatsa da dukan fushinta ta dangwale ta.

Ga waɗanda ba su sani ba: idan za ka goge sitika, dannawa ake yi a riƙe. Idan ka taɓa ka saki, turawa ka yi.

Ta tafi ga mata ɗari da ashirin da uku. Su kuma, bayin Allah, suka ga Mama Asabe ta ce amin da tsakar rana, suka san akwai abin da Ubangiji ya yi mata, ba sai sun tambaya ba. Tilin. Tilin. Tilin-tilin-tilin. Wayar na rawa a hannunta, fuskar na sauka ɗaya bisa ɗaya, Mama na danna ko'ina tana cewa tsaya, tsaya, ku tsaya mana. Wayar matar ɗaki na uku ma ta amsa daga tsakar gida. Ba mu ji lokacin da ƙofar ta rufe ba. Sakatar kawai muka ji.

Ga yadda aka tsara jana'iza.

Gawa tana ajiye a durowar Oga Harrison ta biyu daga sama, tare da wasu da danginsu ba su zo nema ba. Ba za a buɗe ta don kallo ba.

Za a yi zaman makoki gobe Asabar, ƙarfe huɗu na yamma, a tsakar gidan iyali a Makera. Ba za a kafa rumfa ba, ba za a yi anko ba, ba za a ɗauki hoto ba ko na kujera. Za a yi waƙoƙi, amma babu mai rera baiti shi kaɗai, don wadda ta iya tana ciki. Kada a kawo shinkafa, muna da wadda ba mu san yadda za mu yi da ita ba. Mai son yi wa iyali alheri ya zo da wayarsa. Oga Harrison zai zauna a bakin ƙofa ya karɓe ta, ya goge sitikar da hannunsa. Ana roƙon iyayenmu mata, cikin girmamawa, kada wata ta gwada da kanta. 'Yan ajin Vivian ma ana gayyatarsu, har da wanda ya yanko fuskar. Ba za a tambaye shi suna ba. Ya shiga layi kamar kowa. Mun sani ba za a kai Lafia ba, ba za a kai ko ƙarshen layinmu ba. Abin da muke nema shi ne a sami ɗaki ɗaya a garin nan da yarinyar za ta yi hamma.

Kawu Albert ya aiko cewa ya riga ya ga wata sabuwar waya, mai ido uku. Iyali sun gode, sun kuma tuna masa cewa ba a maganar magaji gawa na kwance.

Za a ɗauki gawa ranar Litinin, ƙarfe bakwai na safe, zuwa gonar iyali a Kakau, inda za a binne ta a gindin ɗorawa, banda batir, wanda Oga Harrison ya ce ƙasa ba ta cinsa. Motar za ta bi ta ƙofar makaranta ta tsaya. Baba zai sauka, Mama za ta sauka, su raka babbar mai makoki har bakin aji, su tsaya a wurin sai an raba takarda. Mama ta ce duk wanda ya buɗe baki, ita zai fara gani. An goge rigar makaranta an rataye a jikin ƙofar ɗakin, da biro biyu a aljihu. An sanar da Vivian wannan tsari ta ramin makulli. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai tambaya ko akwai wanda ya turo wani sabon abu, muka ce ba mu sani ba, ta ce ai shi ke nan.

Bisa al'ada, ba a binne mamaci sai babban mai makoki ya fito. Idan ƙarfe bakwai ta yi ƙofar ba ta buɗe ba, gawa za ta koma durowa, motar ta tafi, sauran mu mu ci gaba da zama a tsakar gida.

Iyali sun san cewa ta waya wannan sanarwa za ta iske yawancinku, sun kuma san abin da yatsa ke yi idan ya ga labarin mutuwa. Muna roƙonku da girman Allah, ku karanta ku ajiye. Wanda zai yi mana addu'a ya yi a zuciyarsa, ya ƙarasa ta a can. Kada kowa ya ce amin.

Sanarwa daga Ernest Matthew, ɗan Baba Matthew, a madadin iyali.